Digiri 34 ko 25: Yadda Aka Zaɓi Ƙusar Katakon Ado a Wani Gida a Ohio

A Amurka yawancin gidajen zama ba da bulo ake gina su ba. Sandunan katako ake jerawa a tsaye, kowace mai kaurin milimita 38 da faɗin milimita 89, a bar tazarar inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan, sannan a rufe su da allon jifsam mai kaurin rabin inci. Tsakanin sandunan babu komai sai iska, da audugar gilashi mai tare sanyi, da wayoyin lantarki, da bututun ruwa. A kan irin wannan bango ne kafintan ƙarshen aiki yake kafa katakon ado: na gindin bango, na gefen ƙofa da taga, da wanda ke rufe mahaɗar bango da silin. Aikin da ido ke fara sauka a kansa ke nan in an shiga ɗaki, kuma shi ne mai gida ke duba wa kafin ya biya cikon kuɗi.

Bari mu ɗauki aiki guda, irin wanda ake yi kullum a can, mu bi shi daga farko. Gida ne mai hawa ɗaya a bayan garin Columbus, jihar Ohio. An cire tsohon kafet an shimfiɗa sabon daɓen katako, irin wanda ba a kafe shi da ƙasa, sai dai a sarƙa shi da juna. Abin da ya rage: a sa katakon gindin bango a duk ɗakuna, a rataya sababbin ƙofofi tare da firam ɗinsu, a zagaye falo da adon silin, sannan a gyara gefen matattakala da itacen ok wanda ba fenti za a shafa masa ba, man ƙyalli kawai. Mutum biyu ne a kan aikin. Akwai ogan, wanda ya daɗe a sana'ar, da wani matashi da ya koyi kafinta a ƙasarsu, inda bango bulo ne da siminti, hannunsa ya saba da guduma da ƙusar kankare. A aikin zarto da awo ba a yi masa gyara. Bindigar ƙusa ce baƙuwarsa.

Kwalin farko

Ogan ya ba shi aron bindiga mai aiki da iskar kwamfaresa, ya ce ya biya kanti da safe ya sayo ƙusa geji 15 mai karkata (geji shi ne ma'aunin kaurin ƙusa). Matashin ya je, ya tarar da kanta cike da kwalaye, ya ɗauki wanda aka rubuta geji 15 mai karkata, ya zaɓi mafi tsawo, inci biyu da rabi, bisa tunanin cewa doguwar ƙusa ta fi riƙo. A jikin kwalin akwai haruffa biyu, FN, bai kula da su ba.

Da ya zura jerin ƙusoshin a magazin, wato gidan ƙusa na bindigar, sun shiga, amma da ƙyar, kuma ba su kwanta daidai ba. Ya tura su da yatsa, ya ja maɓallin da ke matso su gaba. Harbin farko a kan guntun katako ya fito a karkace. Na biyu sai bindigar ta yi wata ƙara marar daɗi, ta tsaya cik. Da aka cire tiyon iska aka buɗe hancinta, ga ƙusa biyu sun cushe wuri guda, ɗaya ta lanƙwashe kamar ƙugiya, ƙarfen da ke bugun kan ƙusa ya maƙale a tsakaninsu. Da awartaki aka zaro su.

"Oga, ai geji 15 ka ce, kuma ga shi a rubuce."

"Na ce geji 15. Juya bindigar ka karanta abin da ke jikin magazin."

DA aka rubuta. Ƙusar da ya sayo lafiyarta ƙalau, bindigar ma haka, sai dai ba a yi su don juna ba. Ogan bai yi faɗa ba, don shi ne ya ba da rabin saƙo. Abin da ya fi jan hankalinsa ma ba haruffan ba ne, tsawon ne. Za mu zo kansa.

Abin da digirin ke nufi

Ita ƙusar miƙaƙƙiya ce, kuma a miƙe take shiga katako. Abin da ke karkace shi ne jerin. Ana manna ƙusoshin da gam gefe da gefe, kowace ta ɗan ɗara ta gabanta tsayi, yadda jerin zai yi gangara. Saboda haka magazin ɗin ma sai ya tashi sama ya koma wajen mariƙin bindigar, maimakon ya kwanta a jikin aikin. Amfanin ke nan gaba ɗaya. Bindiga mai miƙaƙƙen magazin, in ka kai ta kusurwar ɗaki ko cikin wadirof ko ƙarƙashin matattakala, wutsiyarta ce za ta fara dukan bango kafin hancinta ya isa inda kake so. Mai karkata kuwa hancinta kaɗai ke shiga lungun. Digirin ba ya ƙara wa ƙusa ƙarfi, ba ya rage mata. Wanda ya ce maka ƙusar digiri 34 ta fi ta 25 riƙo saboda digirin, bai fahimci abin ba.

Matsalar ita ce kamfanoni ba su taɓa haɗuwa a kan gangara ɗaya ba. A geji 15 akwai iri biyu. Na farko shi ne DA, mai digiri 34, wanda ya samo asali daga Senco, kamfanin da ya tashi a Cincinnati, cikin jihar Ohio ɗin nan, wanda Kyocera na Japan ya saya a 2017. Kan ƙusar DA kewayayye ne da aka ɗan shafe gefensa ɗaya don ƙusoshin su matsu da juna. A wasu kwalayen za ka ga an rubuta digiri 33 ko 35, duk abu ɗaya ne matuƙar akwai DA. Na biyu shi ne FN, mai digiri 25, na Bostitch, tsohon kamfanin da ya fara da injin ɗinke takarda da waya a yankin Boston, daga baya ya koma hannun Stanley a 1986. Kan FN mai kusurwa huɗu ne, ɗan dogo. Ban da waɗannan biyun akwai na uku a geji 16, mai digiri 20, wanda Paslode ya yi suna da shi, DeWalt ma na yin bindigarsa. A Ingila wannan na ukun ne ya fi yawa a hannun kafintoci.

Ukun nan babu wadda ke aiki a gidan wata. Tazarar digiri 9 tsakanin DA da FN ba ta da yawa a ido, shi ya sa jerin ke yarda ya shiga magazin ya yaudari mutum. Amma ƙusar da ke gaba ba za ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙarfen bugu ba, siffar kanta kuma ba ta dace da hanyar da aka sassaƙa mata ba. Sai ƙarfen ya sauka a gefen kai, ko ya kamo biyu lokaci guda. In an yi sa'a a tsaya a cushewa. In ba a yi ba, bakin ƙarfen ya ɓantare, ko ƙusa ta fita ta inda ba a nufa ba.

Sunan kamfani ma ba hujja ba ce. Bostitch da kansa yana sayar da bindigogi masu cin DA a gefen masu cin FN, kamanninsu kusan ɗaya. Yawancin sauran, irin su Metabo HPT (wanda a da ake kira Hitachi), Makita, Milwaukee da DeWalt, bindigoginsu na geji 15 DA suke ci. Don haka abin karantawa shi ne rubutun jikin magazin ko takardar da ta zo da bindigar. Lambobin kwali su ma suna magana in ka iya karatunsu. A tsarin Senco, DA21 inci biyu ce, DA25 kuma inci biyu da rabi. A tsarin Bostitch, FN1532 na nufin geji 15, tsawo kuma ɗaya bisa goma sha shida na inci sau 32, wato inci biyu. FN1540 inci biyu da rabi.

Tsawo, da abin da ke bayan allo

Nan ne ogan ya zauna da fensir a kan guntun katako, kuma nan ne a ganina ainihin darasin aikin yake, ko da yake cushewar bindiga ce ta fi ƙara.

Katakon gindin bangon da aka sayo MDF ne, wato garin katako da aka danne da gam, kaurinsa milimita 14. Bayansa allon jifsam, milimita 13 in an cika. Allon ba ya riƙe ƙusa ko kaɗan, da yatsa biyu za ka zare ta. Riƙon duk yana cikin sandar katakon da ke baya. Ke nan milimita 27 na farko ƙusa wucewa kawai take yi. Ƙusa mai inci biyu milimita 51 ce, saura milimita 24 a cikin sanda, kusan inci guda, wanda shi ne abin da kafintoci ke nema. Mai inci biyu da rabi milimita 64 ce, saura milimita 37.

Ina laifin 37? Dokar wayarin ta Amurka ta ce duk wayar da aka ratsa da ita ta cikin sanda, dole bakin ramin ya yi nisan inci ɗaya da kwata, kimanin milimita 32, daga fuskar sandar. In bai kai haka ba sai an rufe wurin da farantin ƙarfe. Dokokin famfo ma suna da makamancin wannan. Ma'ana, an ba kafinta milimita 32 ya yi harkarsa, abin da ya wuce nan kuma filin mai lantarki ne da mai famfo. Ƙusar da matashin ya sayo za ta zarce iyakar da milimita 5 a kowace sanda, a daidai ƙasan bango, inda wayoyin soket da bututun banɗaki suka fi yawo.

Kuma ƙusa in ta huda bututu ba lallai ruwa ya fito a ranar ba. Ita kanta takan toshe ramin da ta yi. Sai bayan watanni, ta yi tsatsa ta saki, a ga fenti ya kumbura a gindin bango, sabon daɓen ya fara tashi. A lokacin an daɗe da biyan kafinta, kuma shi za a nema. Waya kuwa in ƙusa ta yanki rigarta, ba ruwa ake tsoro ba, gobara ce. Da a ce kwalin nan DA ne, da bindigar ta harba su lafiya lau, ɗaya bayan ɗaya, a duk faɗin gidan.

Da wannan lissafin suka bi sauran aikin. Firam ɗin ƙofa kaurinsa milimita 19, sai ɗan gibin milimita 6 da ake cikewa da siraran tsinken katako don a daidaita shi da lebur, kuma babu allon jifsam a tsakani. A nan inci biyu da rabi ce daidai, don sanduna biyu ne a haɗe a gefen kowace ƙofa, kuma firam ɗin zai sha bugun ƙofa shekara da shekaru. Katakon gefen ƙofa, ɓangarensa mai kauri da ke kwanciya a kan bango, inci biyu ta ishe shi, musamman a gefen da makunnin fitila yake, don wayarsa a jikin sandar nan take gangarowa. Adon silin kuma ya danganta da girman ramin da ke bayansa, tunda a jingine yake zama tsakanin bango da silin. Suka auna, suka tsaya a kan inci biyu da rabi. Kwali biyu ke nan na DA, ba ɗaya ba.

Kauri

Lambar geji a juye take tafiya: in ta ƙaru, ƙusa ta sirance. Geji 15 kaurinta kimanin milimita 1.8 ne, geji 16 kimanin 1.6, geji 18 kimanin 1.2, geji 23 kuwa kimanin 0.6, kamar allura, kuma yawanci ba ta da kai. A takarda bambancin 15 da 16 ba ya cika ido. A katako yana bayyana ta hanya biyu masu adawa da juna. Mai kauri ta fi jan katako ya kwanta a bangon da ba shi da lebur, ta fi jure itace mai tauri ba tare da ta lanƙwashe ba. Amma ramin da take bari ya fi girma, kuma ta fi saurin tsaga siririn katako.

Ramin nan ba ƙaramin abu ba ne. Kowane ɗaya sai an cike shi, ya bushe, a goge da samfefa, kafin mai fenti ya zo. A gida guda ramukan sukan kai dubbai. Shi ya sa wasu kafintocin suke yin katakon gindin bango da geji 16, su ajiye 15 don ƙofofi kawai, kuma ba za a ce sun yi kuskure ba. A wannan aikin bindigar da ke hannu 15 ce, bangayen gidan kuma sun ɗan yi tudu da kwari, MDF mai tsayin santimita 13 ba ya lanƙwasa da daɗi, sai an ja shi da ƙarfi. Suka bar shi a 15, ƙusa biyu a kowace sanda, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sandunan kuma da maganaɗisu matashin ya nemo su, yana bin kan sukurorin da suka riƙe allon, yana manna ɗan tef a daɓe a matsayin alama.

Inda ogan ya hana a kusanto da geji 15 wuri uku ne. Na farko, siririn gefen katakon ƙofa, wanda ke hawa kan bakin firam. Kaurinsa bai fi milimita 8 ba, bakin firam ɗin kuma milimita 19 ne kawai. Ƙusa mai kauri ko ta tsaga na sama ko ta ɓullo ta gefen na ƙasa. Geji 18 mai inci ɗaya da kwata aka sa. Na biyu, ɗan siririn katakon da ke rufe gibin daɓe da gindin bango. Shi ma geji 18, kuma a jikin katakon bango ake harba shi, ba cikin daɓe ba, don daɓen yana buɗewa da damina ya tsuke da hunturu, in ka kafe shi zai kumbura a tsakiyar ɗaki. Na uku, ƙananan guntayen da ake juya ƙarshen ado da su, waɗanda ba su fi ɗan yatsa ba. Waɗannan gam ne ke riƙe su, geji 23 kuma ta danne su kafin gam ɗin ya kama.

Abin lura shi ne, geji 18 da 23 a miƙe jerinsu yake zuwa, kuma ba a damu ba, don bindigoginsu ƙanana ne, suna shiga lungu da kansu. Batun karkata na manyan ƙusoshi ne, waɗanda magazin ɗinsu ke da tsawo da nauyi.

A bakin aiki

A falo ne karkatar ta biya kuɗinta. Mutum na kan tsani, hannu ɗaya ya danne adon silin mai tsawon mita huɗu, ɗayan na riƙe da bindiga sama da kai, kuma dole ƙusa ɗaya ta shiga sandar saman bango, ɗaya ta shiga katakon silin. A kusurwa, inda ado biyu suka haɗu, sarari bai fi tafin hannu ba. Hancin DA ya shiga ya zauna daram. A bango biyu na falon katakan silin sun bi tsawon bangon ne, babu abin kamawa a sama, sai da suka fara kafa wani katako mai kusurwa uku a bayan adon, sannan aka harba a jikinsa. Tsawon ƙusa ba ya maganin inda babu katako.

Sai matsalar ɓullowa. A ƙofar ɗakin yara, wata ƙusa ta shiga ta fuskar katako ta lanƙwasa ta fito ta gefen firam, tsininta a waje, ta ɗaga wata ɓaraka mai tsawon ɗan yatsa a wurin da kowa zai gani. Dalilin yana bakin ƙusar. In ka ɗaga jeri ɗaya ka duba a haske, za ka ga bakin ba tsini ne mai zagaye ba, an fere shi ne ta fuska biyu. Idan ta haɗu da ƙulli ko jijiyar itace mai tauri, ta ɗaya daga fuskokin nan biyu take kaucewa, ba ta kowace kusurwa ba. Saboda haka kafinta na iya zaɓar inda za ta kauce: ya juya bindigar yadda kaucewar za ta bi tsawon katako, inda akwai nama, maimakon faɗinsa, inda gefe ke kusa. Yadda aka fere bakin yana bambanta daga iri zuwa iri, don haka duba shi ake yi, ba haddacewa ba. Wadda ta ɓullo kuma ba a mayar da ita baya da guduma. Ogan ya kama tsinin da filaya ya yi ta lanƙwasa shi har ya karye a cikin katakon, ya tura ragowar ciki, ya sa gam a ɓarakar ya danne da tef.

MDF na da nasa halin. Ba shi da jijiya, ƙusa in ta shiga sai ta turo garin waje, ya yi ɗan tudu a bakin ramin. In aka cike ramin ba a fara sheƙe tudun ba, bayan fenti kowace ƙusa za ta nuna kanta in hasken taga ya bi jikin bango. Sun rage matsin iskar, wanda a irin waɗannan bindigogi yake tsakanin 70 da 120 a ma'aunin kwamfaresa, suka daidaita zurfin yadda kan ƙusa zai nutse da milimita ɗaya ko biyu kawai. Kusa da ƙarshen katako kuwa, inci biyu na ƙarshe, ba a harba komai, don MDF a nan yake darewa gida biyu.

Banɗaki da matattakala su suka sa aka koma kanti karo na biyu. Ƙusar da ba a yi wa rufi ba, farin ƙarfe zalla, tana da arha kuma ta isa a busasshen ɗaki. A inda tururi yake, kanta kan yi tsatsa a ƙarƙashin fenti, ya fito da ɗigo ruwan ƙasa. Itacen ok kuma yana da wani sinadari a jikinsa, irin wanda majema ke jima da shi, wanda in ya haɗu da ƙarfe da laima sai ya bar baƙin tabo a kewayen ƙusa, tabon da samfefa ba ta cirewa don ya shiga ciki. A matattakala suka sa mai rufin zinki, a banɗaki kuma suka canza MDF ɗin gaba ɗaya zuwa ado na roba mai kama da katako, da ƙusar ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙaramin kwali aka saya, don tana da tsada. Ramukan ok ɗin ba a cike su ba sai bayan shafin farko na man ƙyalli, da abin cikewa mai launin itacen, saboda in aka riga aka cike, yakan shiga ƙofofin jijiyar itacen ya bar farin zagaye.

Wani abu da ogan bai sassauta a kansa ba shi ne kunamar bindigar. Akwai mai harbi da zarar hanci ya taɓa katako matuƙar yatsa na kan kunama, akwai kuma wadda sai ka danna hanci sannan ka ja, kowace ƙusa da nata jan. Jagorar da hukumomin kare lafiyar ma'aikata na Amurka, OSHA da NIOSH, suka fitar a 2011 ta ƙiyasta cewa bindigar ƙusa na kai mutum 37,000 sashen gaggawa na asibiti a kowace shekara, ta kuma nuna cewa haɗarin iri na farko ya ninka na biyu. A aikin ado babu gaggawar da za ta sa a zaɓi na farkon. Hannun da ke riƙe katako kuma ya yi nesa da hanci, aƙalla taku guda in da hali, don ƙusar da ta ɓullo a gefen firam ɗin nan, da yatsa na wurin da ta cikinsa za ta bi.

Da ya tashi sayen tasa

Bayan aikin, matashin ya yanke shawarar sayen bindigarsa, kuma a nan ne zaɓin digiri ya zama na gaske, don wanda ya sayi bindiga ya ɗaure kansa da irin ƙusarta har ta mutu. Ya duba huɗu: DA, FN, geji 16 mai digiri 20, da geji 16 miƙaƙƙiya. Miƙaƙƙiyar ta fi arha, ita da ƙusarta, kuma ga wanda aikinsa dogayen bangaye ne ba ta da aibu. Mai digiri 20 tsaka-tsaki ce mai kyau, ƙaramin rami ga shiga lungu. Paslode, wanda ya fito da bindiga marar tiyo mai aiki da gas tun 1986, yana da ita, sai dai kullum kana sayen gwangwanin gas. Masu batir zalla sun kawar da wannan, amma nauyinsu na kusan kilo 3, alhali ta iska ba ta kai kilo 2 ba, kuma wanda ya wuni yana ɗaga hannu a ƙarƙashin silin ya san bambancin kilo guda.

DA ya ɗauka, mai iska, ya haɗa da ƙaramar geji 18. Ina ganin ya yi daidai, amma ba don DA ta fi FN aiki ba. Masu FN suna son ta, wasu ma na cewa raminta mai kusurwa huɗu ya fi ɓoyuwa in aka daidaita shi da jijiyar katako. Dalilin da ya fi nauyi shi ne kamfanoni da yawa ke yin DA, kowane kanti na da ita a kowane tsawo, kuma ogan da sauran abokan aiki ita suke amfani da ita. Ranar da kwalinka ya ƙare da la'asar, na abokin aikinka zai shiga bindigarka.

Ya kuma yi tunanin sayen wata ya aika wa tsohon maigidansa a gida, ogan ya ce ya dakata ya yi tunanin bangon can. A kan bulo da filasta ƙusar geji 15 ko ta lanƙwashe ko ta fasa filastar ta faɗo, don ba a yi ta da ƙarfe mai taurin shiga siminti ba. Sikatin, wato adon gindin bango, a irin wannan gini da tayil ake yawan yin sa, in kuma na katako ne, gam ne da ƙusar kankare, ko a huda a sa fulogi da sukuru. Akwai bindigogi masu harba ƙusar ƙarfe mai tauri da ake kira ST, waɗanda aka yi don manna katako a kankare, kuma masu kujeru da gadaje sun saba da ƙananan ƙusoshin F30, geji 18, miƙaƙƙu. DA za ta yi amfani a shagon mai haɗa ƙofofi da wadirof, inda katako ke hawa kan katako, da sharaɗin an tabbatar akwai mai sayar da ƙusarta a kasuwar garin. Ya fasa aika geji 15 ɗin, ya saya wa maigidan nasa geji 18 da ƙaramar kwamfaresa mai aiki da wutar 220.